Malaman Lakwal: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

 

Akwai maganar da ba ta ƙarewa a gidan rediyo. Duk lokacin da aka koma lakwal a watan Oktoba, ko aka fitar da sakamakon BEPC da bak, da mun buɗe layi sai kira ya yi ta shigowa, kuma kusan bakin kowa ɗaya: malaman yanzu ba su iya komai ba, mushen yanzu ba mushe ba ne, a kore su duka a huta. Minti biyu ake ba mai kira, mu ma masu gabatarwa agogo na bin mu, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu rubuta matsayinmu a nan, inda babu mai katse mu da talla.

Matsayin namu shi ne: gaskiya ne ilimin da ƴaƴanmu ke samu ya yi rauni, gaskiya ne akwai malaman da bai kamata a ba su alli ba. Amma wanda ya tsaya kan zagin malami kaɗai ya bar jaki yana dukan taiki. Malamin da muke zagi ba daga sama ya faɗo cikin aji ba. Wani ne ya ɗauke shi, wani ya sa hannu a takardarsa, wani ya tura shi ƙauye ya manta da shi, mu kuma iyaye muna kallo. Yau kowa zai ji nasa.

Mu fara da abin da yaro ke gani, tunda don shi aka gina lakwal ɗin.

Ku gwada wannan a gida yau da dare. Ku kira ɗanku ko ƴarku da ke CM2, wato wanda ya shekara shida yana zuwa lakwal. Ku ba shi takardar magani ko wani saƙo da ke cikin wayarku, ku ce ya karanta ya gaya muku abin da ake nufi. Da yawa daga cikinmu za su kwana da baƙin ciki. Yaron zai iya rera muku darasin da ya hardace tun daga farko har ƙarshe, kayensa cike da rubutu mai kyau da ya kwafa daga allo, amma ku tambaye shi ma'anar layi ɗaya sai ya sunkuyar da kai. Shekara shida ana ce masa ya maimaita, yana maimaitawa. Ba a taɓa tsayawa an duba ko ya gane ba.

Kada wani ya ce ƙorafin ƴan rediyo ne. Akwai binciken da ake kira PASEC, wanda ke auna yaran firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A shekarar 2014 an auna ƙasashe 10, Nijar ce ta zo ta ƙarshe: cikin yara 10 da suka kai ƙarshen firamare, ko 1 cikakke bai kai matakin da ake buƙata a karatu ba, haka ma a lissafi. Da aka sake aunawa a 2019 abin ya ɗan yi dama, kusan 3 cikin 10 suka kai matakin karatu. Alhamdu lillahi da ci gaban, amma ku juya lissafin: 7 cikin 10 sun gama firamare ba su iya karanta abin da za su gane ba. Su ne ake turawa siziyam, a haɗa su da malamai bakwai ko takwas, kowa na zuba Faransanci, shekara ɗaya ko biyu a kore su. Yaro ya dawo gida bai iya karatu ba, noma da kiwon da tsaransa suka koya ma sun wuce shi. Uban da ya ga haka ga ɗansa na fari, da wane baki za mu ce masa ya kawo na biyu?

To daga ina waɗannan malamai suka fito?

Iyayenmu suna ba da labarin mushen da, wanda idan ya shigo gari har mai gari na tashi ya tarbe shi. Wancan mushe makarantar horar da malamai ya shiga, irin Askia Mohamed ta Damagaram, ya yi shekaru ana koya masa abin da zai koyar da yadda zai koyar da shi, ya fito ma'aikacin gwamnati mai lamba, mai albashi, mai fansho. Amma mu faɗi gaskiya, a wancan zamani yara ƙalilan ne ke zuwa lakwal, ƙauyuka da yawa ba su taɓa ganin aji ba.

A ƙarshen shekarun 1990 aka canza hanya. Ƙasa na fama da bashi, albashi na yin watanni bai fito ba, masu ba da lamuni irin Bankin Duniya suna cewa malamin gwamnati ya yi tsada, ga miliyoyin yara a gida. Sai aka ƙirƙiro malaman sa-kai, daga baya suka koma ƴan kwantaragi. Da shirin ilimi na shekara goma da aka fara a 2003, sai aka buɗe ƙofa gaba ɗaya. Aka yi ta buɗe lakwal a ƙauyuka, abin da ya yi kyau, aka yi ta ɗaukar matasa masu BEPC, wasu an ba su horon ƴan makonni, wasu ko wannan ba su samu ba, aka miƙa musu alli aka ce ga aji nan. Kafin a ankara, ƴan kwantaragi sun zama mafi yawan malaman firamare a ƙasar nan, kusan 8 cikin 10. An samu yawa, an saki inganci, kuma waɗanda suka tsara abin sun san farashin da za a biya. Ƴaƴansu dai ba a ajin zana suke ba.

Wani abu kuma da ba a son faɗi: aikin koyarwa ya zama wurin fakewa. Wanda bai samu soja ba, bai samu jandarma ba, bai samu aikin asibiti ba, sai a ce to a sa shi kwantaragi kafin Allah ya kawo wani abu. Ɗan siyasa na son saka wa wanda ya yi masa yaƙin zaɓe, kwantaragi. Har ta kai hukumar yaƙi da cin hanci, HALCIA, ta bankaɗo sunayen malaman bogi da ake biya duk wata alhali babu su a kowane aji. Wa ya rubuta sunayen? Ba dai ɗan CI ba.

Mu tuna watan Yulin 2017. Ministan ilimin firamare na lokacin, Daouda Mamadou Marthé, ya shirya wa ƴan kwantaragi jarrabawa a duk faɗin ƙasa. Ƙungiyoyin malamai suka ce ba su yarda ba, aka yi ta ja-in-ja, har aka kama wasu. Sama da malamai dubu 50 suka zauna, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku kaɗai suka samu 10 bisa 20. Dubbai aka soke kwantaraginsu. Ranar da sakamakon ya fito gari ya ɗauka, ana ta yi wa malamai dariya a tasha da majalisar shayi.

Mu ba mu ga abin dariya ba. Jarrabawar ta yi daidai, domin wanda zai auna ƴaƴan mutane dole shi ma a auna shi, kuma ƙungiyoyin da suka ƙi ta sun yi kuskure. Amma tambayar da ba a amsa ba har yau ita ce: mutumin da ya ci 2 bisa 20 a abin da yake koyarwa, wa ya ba shi BEPC? Wa ya ɗauke shi aiki? Wane sufeto ne ya shekara biyar yana sa hannu cewa yana aiki lafiya? An kori na ƙasa, na saman da suka buɗe masa ƙofa suna nan a ofis da na'urar sanyi. Kuma shi kansa malamin da ya faɗi, ɗan lakwal ɗinmu ne na jiya. Raunin da aka ba shi ne yake mayarwa. Abin da aka shuka shi ake girba.

Yanzu mu leƙa rayuwar ɗan kwantaragin da aka tura wani ƙauye a cikin tudun rairayi, arewa da Kelle ko kudu da Bune. Abin da ake biyansa, pekil, bai kai jika 100 ba a wata. Ku ɗauki farashin buhun hatsi a kasuwar Subdu ko ta Gidigir lokacin bazara, ku cire, ku ga abin da ya rage na haya, magani da kuɗin mota. Kuma da yana zuwa kan lokaci da da sauƙi. Sau nawa muka karanta sanarwar yajin aiki a rediyo saboda bashin wata biyu ko uku? Malami ya ci bashi wurin mai kanti, ya ci wurin mai shayi, har ya koma bin bayan gari don kada su haɗu. Yaran da yake koyarwa suna gani. Wane kwarjini ya rage masa a aji?

In kuɗin ya fito kuma sai tafiya ta tashi. Ƙauyen babu mota sai ranar kasuwa. Ya fito ya zo Gure, layi ya yi tsawo ko a ce a dawo gobe, ya jira motar kasuwa ta gaba kafin ya koma. Mako guda ya tafi a kan karɓar haƙƙinsa, kuma a lakwal mai malami ɗaya wannan na nufin an rufe lakwal mako guda. Ku ninka da watannin shekara.

Ga kuma maganar aji. A takarda ana komawa lakwal farkon Oktoba. A ƙauyen da ajinsa na zana ne, sai an gama girbi an samu kara, iyaye sun taru sun kafa rumfa, wato Nuwamba, wani wuri har Disamba. Da hadarin farko ya taso a watan Mayu ko Yuni, iska ta kwashe rumfar, shekara ta ƙare. Tsakanin nan ga hunturu da ƙura, yara zaune a kan rairayi, allon yana jingine da icce. Hukumomi da kansu sun ce azuzuwan zana a ƙasar nan sun kai wajen dubu 36. Ba mu manta da 2021 ba: a watan Afrilu gobara ta cinye yara kusan 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a watan Nuwamba kuma wasu fiye da 20 a Maradi, dukansu a cikin azuzuwan zana. Allah ya jiƙansu. Shirin karatun da aka tsara na wata tara, an ba malami wata biyar ko shida a cikin rumfa, da yara 70 da littafi ɗaya na mutum biyar, sannan a zo a ce me ya sa yara ba su iya ba. Haba jama'a.

Sai dai fa, ƴan uwa malamai, kada ku yi saurin tafa mana. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma yanzu kanku za mu juyo.

Rashin biyan pekil bai sa ka tafi gida ranar Alhamis ka dawo Talata ba alhali kuɗinka na aljihu. Bai sa ka zauna ƙarƙashin bishiya kana latsa waya, ka ba babban yaro bulala ka ce ya tsare aji ba. Bai sa ka mai da ƴan lakwal masu ɗebo maka ruwa, masu yo maka icce, masu yi wa matarka wanke-wanke a lokacin darasi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ka karɓi aikin, ko kuɗin kaɗan ne, amanar ƴaƴan mutane ce a wuyanka, kuma akwai ranar da za a tambaye ka, inda babu sandika da zai tsaya maka.

Mu da muka yi lakwal a shekarun 1990 da farkon 2000 mun san bulalar roba, mun san durƙuso a kan tsakuwa da rana tsaka, mun san sambol da ake rataya wa wanda bakinsa ya suɓuce ya yi yaren gidansu. Akwai abokan karatunmu masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka gudu daga lakwal saboda duka kawai, yau suna tura baro ko suna haƙar zinariya a Jado. Wasu na cewa ai dukan ne ya sa muka yi karatu. Ƙarya ne. Waɗanda suka yi karatu sun yi ne duk da dukan, kuma ba a ƙirga waɗanda ya kora. Ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana duka a makaranta, amma har yau iyaye na kawo mana labarin yaron da aka fasa wa baki don ya kasa wani lissafin da, in an bincika, ba a taɓa koya masa shi yadda zai gane ba. Yaron da ke tsoron malami ba ya tambaya, wanda ba ya tambaya kuwa haddar aku zai yi ta yi.

A CEG da lise akwai wata cutar: darasin kuɗi. Malami ya taƙaita bayani a aji, ya ce mai son ganewa ya same shi da yamma, kowane wata kaza. Ranar jarrabawa sai ga tambayoyin da aka yi a darasin yamma. Ɗan mai hali ya wuce, ɗan mai sayar da ƙosai ya maimaita aji. Ba mu hana malami neman halalinsa bayan aiki ba, amma wanda ya ɓoye ilimi a aji don ya sayar da shi a zaure ya ci amanar aikinsa.

Mafi muni ita ce maganar ƴan mata. Kowa ya san ta, kowa na yin shiru. Malamin da ke kiran ɗalibarsa gida da sunan gyaran takarda, mai ba da maki don a biya shi da abin da ba a faɗi, mai yi wa yarinya barazanar faɗuwa in ta ƙi. Ba su da yawa, amma guda ɗaya ya isa ya sa ƙauye guda ya cire ƴaƴansa mata daga lakwal. A ƙasar da kusan 3 cikin 4 na ƴan mata ake aurar da su kafin shekara 18, duk irin wannan labari hujja ce ake miƙa wa masu cewa boko na lalata tarbiyya. Akwai dokar da gwamnati ta sa wa hannu a watan Disamban 2017 don kare yarinya mai karatu. An gina gidan kwanan ɗalibai mata a Kelle don ƴaƴan ƙauye su samu wurin zama mai tsaro. Duk wannan aikin banza ne in idan abu ya faru sai a taru a rufe, a ce kada a tona asiri, a canza wa mutumin wurin aiki ya je ya ci gaba a wani gari. Canjin wuri ba hukunci ba ne. Mai irin wannan hali gaban alƙali ya kamata ya je.

A nan muke da magana da ƙungiyoyin malamai, su SNEN da SYNACEB da sauransu. Duk sanarwar da kuka kawo mana kan pekil da ɗaukar ƴan kwantaragi aikin dindindin mun karanta, kuma muna tare da ku a kai, domin haƙƙi ne. Amma yaushe za ku kawo mana sanarwar da ke cewa kun hukunta ɗanku da ya yi wata bai shiga aji ba? Yaushe za ku yi yajin aiki don babu littattafai? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙungiyar da ke kare mai laifi da marar laifi da murya ɗaya, mutuncin na kirkin take zubarwa. Kuma ku tuna, duk ranar yajin aiki ɗan talaka ne ke zaune gida. Ɗan wanda kuke faɗa da shi yana makarantar kuɗi, darasinsa bai tsaya ba.

Saura mu, iyaye da manyan gari, masu kiran rediyo.

Ku zaga makarantun cikin gari ku ƙirga malamai, sannan ku shiga daji ku ƙirga. A gari za ku tarar da aji ɗaya da malamai biyu, wasu ma na zaune a ofishin darakta babu aji. A daji malami ɗaya na riƙe da CI da CE1 da CM2, shi ne darakta, shi ne mai gadi. Me ya kawo haka? Wayar manya. Da an tura ɗiyar wane ko matar wane ƙauye, kafin ta kwance kaya an buga wa sufeto waya daga Damagaram ko Yamai, a dawo da ita gari. Mutumin da ya buga wayar nan da safe, shi ne zai kira mu da dare yana cewa ilimi ya lalace. Wallahi mun gaji da wannan fuska biyu.

Mu kuma na ƙauye, malamin da aka turo mana baƙo ne. Mun ba shi ɗakin kwana? Mun taɓa zuwa mun gaishe shi, mun tambaye shi yadda yaronmu ke yi? Ranar kasuwa rabin aji na kasuwa da tallan goro da kai awaki. Lokacin girbi babu kowa. Yarinya ta kai CM1 an karɓi sadakinta. Kwamitin lakwal da ake kira COGES, da ƙungiyar iyaye, da ta uwaye mata, an kafa su don su sa ido, amma a wurare da yawa ba a ganinsu sai ranar da wata ƙungiyar agaji ta zo da buhunan shinkafa. In malami bai zo ba kwana uku, wa ke rubutawa? Wa ke kai wa sufeto? Kowa ya ce ba ya son a ce shi ya jawo wa bawan Allah matsala. To matsalar ta faɗa kan ɗanka.

Akwai kuma batun harshe, wanda a Gure ya fi ko'ina nauyi. Yaro ya taso gidan da ake Kanuri, ko Fulatanci, ko Tubanci, ko Tamashek, ko Larabci, ko Hausa. Ranar farko a CI a tarbe shi da Faransancin da bai taɓa ji ba, daga bakin malamin da wataƙila bai jin yaren ƙauyen, shi kansa kuma Faransancin nasa na rawa. Kurma ya haɗu da bebe. Ba sabon ilimi ba ne cewa yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake mafarki da shi. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi wannan kira tun 1964 a littafinsa kan ilimi a Afirka. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Sama da shekara 50 ke nan ana gwaji. Yanzu kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. To madalla. Amma takarda ba ta koyar da yaro. Malaminmu nawa ne suka iya rubuta Hausa daidai, da ƙ da ɗ da ɓ? Ina littattafan? Kuma yaron Manga ko na Tubu da ba ya jin Hausa, in aka musanya masa baƙon harshe da wani baƙon, me aka yi masa? A horar da malamai su fara da harshen da yaran wurin ke ji, a tura wanda ke jin Kanuri inda ake Kanuri, sannan a hau da yaro zuwa sauran harsuna a hankali.

Za a ce mana babu kuɗi, tsaro ya cinye komai. Mun san halin da ƙasa ke ciki, ƴaƴanmu ne ke bakin daga a Diffa da Tillaberi. Amma saurayin da ya fito lakwal bai iya karatu ba, bai iya sana'a ba, yana ganin an yaudare shi, shi ne wanda masu ɗauke da makamai da masu safarar ƙwaya suka fi saurin ruɗa. Kuma da yawa daga abin da muke nema ba ya cin ko dala. Hana wayar manya ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Rubuta ranakun da malami ya zo ba ya buƙatar taimakon ƙasashen waje.

Masu cewa a kore su duka kuma, mu tambaye ku: a kawo wa? Gobe da safe wa zai shiga aji a ƙauyen da mota ke zuwa sau ɗaya a mako? Malaman da muke da su da su za mu yi aiki, sai dai a gyara mai gyaruwa, a sallami wanda ya ƙi.

Ga abin da muke nema, a fili.

Daga gwamnati: a biya pekil ranar da aka sa, kuma ta hanyar da malamin daji zai karɓa ba tare da ya rufe aji mako guda ba, tunda yanzu ana tura kuɗi ta waya har ƙauye. Wanda ya shekara da shekaru yana kwantaragi kuma ya ci jarrabawa a ba shi lambar aiki. Kada a sake ba kowa aji sai ya bi ta makarantar horar da malamai. A ƙara wa mai aiki a daji wani abu a kan na mai aiki a gari, yadda zuwa ƙauye zai daina zama horo ga marar uwa a gindin murhu.

Daga ofishin sufeto: a manna jerin malaman kowace lakwal da yawan ɗalibanta a bango, kowa ya gani, mu ma mu karanta a rediyo. A raya tarukan CAPED inda malamai ke koya wa juna aiki, su zama na gaske. Mai ba malamai shawara ya samu man babur ya isa ƙauye, ya zauna bayan aji ya ga darasi da idonsa. An dawo da jarrabawar satifika a ƙarshen firamare, to kada ta zama ta sayarwa.

Daga ma'aikatar magajin gari da ƴan Gure mazauna waje: duk shekara a fitar da adadin azuzuwan zana da aka mayar na gini, ko guda biyar ne. Mai hali da ke neman lada, aji ma sadaka ce mai gudana.

Daga iyaye: kowane kwamitin lakwal ya ajiye kaye ɗaya na zuwan malami da na zuwan yara. A kafa rumfa kafin Oktoba da karan bara in ya samu, ba a fafe gora ranar tafiya. Uwa ko uba ya leƙa lakwal ko sau ɗaya a wata. In yarinya ta kawo ƙara, a saurare ta kafin a ce ta yi shiru.

Kafin mu rufe, akwai mutanen da ba su taɓa kiran rediyo ba, kuma su ne suka fi cancanta a ji. Malamar da ke sayen alli da kuɗinta. Mushen da ke bin gida gida yana roƙon a bar yarinya ta gama CM2. Daraktan da ya shekara goma a ƙauyen da babu rijiya mai daɗi, bai taɓa neman a buga masa waya ba. Kowannenmu da ya iya karanta wannan rubutu, akwai irin wannan malami a bayansa. Duk lokacin da muka ce malaman yanzu ba su iya komai ba, har da su muke zagi, kuma muna gaya wa yaro mai ƙwazo cewa kada ya kuskura ya zama malami. In masu ƙwazo suka guje wa alli, wa zai koyar da jikokinmu?

Muna jiran ra'ayoyinku a ƙasa. Ku gaya mana halin da lakwal ɗin garinku ke ciki: malamai nawa, azuzuwa nawa, na zana nawa, yaushe aka fara karatu bana. Kada a kama sunan kowa, kada a yi zagi, duk wanda ya yi za mu goge. Malamai ma ku yi magana, filin naku ne. Abin da kuka rubuto za mu tattara mu kai gaban masu ruwa da tsaki a shirinmu, mu ji amsar da za su bayar. Mai ɗan uwa malami ko ɗan kwamitin lakwal ya tura masa wannan rubutu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya saka wa malaman kirki da alheri, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.